Filin Darasi: Hannu Nawa Saniyarka Ta Bi Kafin Ta Iso Muwelih?

A wannan fitowa za mu tattauna a kan mutanen da muke ciniki da su alhali ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, ba mu san sunansu ba, amma kuma jarinmu yana hannunsu. Za mu yi misali da kasuwar Muwelih ta ƙasar Sudan, domin hanyarta doguwa ce, kuma abin da ya faru da ita daga 1998 zuwa yau ya isa makaranta. Wanda ke cin kasuwar Maigatari ko Illela ko Mubi kada ya ce ba ruwansa. In ya daure ya karanta zai ga ƙofar gidansa a ciki.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, Muwelih wani fili ne fetal a yamma da Umdurman. Kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, ita ce babbar karar shanu da raƙuma ta Sudan baki ɗaya. Mahautan Khartum da Bahri da Umdurman nan suke saye, haka ma masu kai shanu Masar ta Wadi Halfa. Amma fa Muwelih ba ta haihuwar maraƙi. Yawancin abin da ke tsaye a filin nan daga Darfur da Kordofan ya fito, wani ma daga Cadi ko Afirka ta Tsakiya ya tsallako.

To, bari mu bi sa guda tun daga rugarsu. An haife shi, mu ce, a kudu da Nyala, a garken wani Balaraben Baggara ko Bafillace. Mai shi ya bukaci kuɗin gero da sukari da ganyen shayi, sai ya sayar wa ɗaya daga cikin masu yawon ruga-ruga, waɗanda ake ce wa galaja. Wannan ya kora shi kasuwar mako, irin su Tulus ko Rahad al-Birdi ko Foro Baranga ta bakin iyakar Cadi. A nan sabbaba suka tare shi, wato irin 'yan barandarmu, masu saye da safe su sayar kafin la'asar ba tare da sun ɗaga daga kasuwa ba. Daga hannunsu sai jallaba, masu tara garke su kai Nyala ko Da'en, inda wakilin wani attajirin Umdurman ke zaune da jakar kuɗi. Wakili ya damƙa garken ga khabir, shugaban masu kora, wanda zai bi burtali da yaransa kusan wata biyu a ƙasa. Da isowa Muwelih, san ya rame, sai mai turke ya saya ya ɗaure shi wata biyu ko uku ya yi ƙiba. Sa'an nan dillali ya kama hannunka ya nuna maka shi, ka taya, aka sallama.

Ƙirga da kanka. Makiyayi, ɗan galaja, ɗan sabbaba, ɗan jallaba, wakili, khabir, mai turke, dillali. A cikin mutum takwas ɗin nan wa ka sani? Na ƙarshe. Shi ka sha shayi da shi, shi ka san gidansa. Sauran bakwai kuwa, abin da kowannensu ya yi wa san nan yana jikinsa, ya biyo shi har cikin motarka: in sato shi aka yi, in an haɗa shi mashaya da garke mai ciwo, in an yi masa allurar ɓoye cuta, in ba a gama biyan kuɗinsa ba. Dillalinka yana iya zama mutumin kirki mai tsoron Allah, ya rantse maka da gaskiyarsa, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya sani ya faɗa. Iyakar saninsa mai turke.

Mutanen Sudan sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suka ajiye mutumin da suke kira damin, wato mai lamuni. Kowace ƙabila mai kawo dabbobi tana da daminta a kasuwa, sananne ga hukuma. Shi ne zai tsaya ya ce wannan mai sayarwa namu ne, dabbarsa ba ta sata ba ce, kuma in ta zama ta sata ni za a kama. Ana ba shi ɗan abu a kan kowane kai. Yana duba shaidar wuta da ke jikin dabba, wadda suke kira wasam, ya san ta wane gida ce. Aikinsa ya yi kama da na fatoma a karar ƙasar Hausa, kuma tsari ne mai kyau ƙwarai muddin ana zaman lafiya. Sai dai daga 2003, da yaƙin Darfur ya tashi aka riƙa kwashe garkunan ƙauyuka, abin ya yi rauni. Saniyar da aka kwasa a ƙauye ta bi hannu uku ta tsallaka iyaka ta dawo, wanda ya kawo ta kasuwa da kuɗinsa ya saya, daminsa kuwa shi ya sani, bai san saniyar ba. Irin wannan ne ya sa gwamnatin Borno ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu, har da ta Gamboru, a watan Maris 2016, saboda shanun da 'yan Boko Haram suka kwasa suna shigowa ta hannun dillalai. Zamfara ma ta rufe nata a 2021. Mai gaskiya da marar gaskiya duk suka zauna a gida.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin wannan a babin istihƙaƙi. Idan mai dabba na asali ya zo ya kawo shaidu ya yi rantsuwa cewa bai sayar ba bai bayar ba, zai ɗauki abinsa ko da kai da kuɗinka ka saya. Kai kuma sai ka koma kan wanda ya sayar maka ka karɓi kuɗinka, shi ma ya koma kan na gabansa, a yi ta komawa har a kai ga ɓarawon. A takarda abin ya yi daidai. A kasuwa kuwa, komawar tana tsayawa ne a inda aka rasa mutum. In ɗan sabbaba ya ɓace, ko ɗan jallaba ya rasu, ko garinsu ya tashi, to asarar ta zauna a kan na ƙarshen da ake iya kamawa, mai gida da mota da suna. Sau da yawa mu ne.

Kuɗi ma haka yake tafiya, sai dai shi baya yake komawa. Cinikin Muwelih akasarinsa bashi ne. Mai fitarwa waje ya karɓa daga attajiri ya ba shi cek na wata mai zuwa, attajiri ya ba wakili rabi, wakili ya ce wa jallaba su dakata sai kaya sun isa, su kuma su ce wa makiyayi ya yi haƙuri sai kasuwa ta zagayo. Kowa yana tsaye a kan alkawarin wanda bai sani ba. A watan Satumba 2000 wani zazzaɓi ya ɓulla a yankin Jizan na Saudiyya da kuma Yaman, wanda likitoci ke kira Rift Valley, da sunan kwarin nan na Kenya inda aka fara gane shi. Nan take Saudiyya da maƙwabtanta suka rufe ƙofa ga dabbobin ƙasashen gabashin Afirka, har da Sudan. An taɓa yin irin wannan rufewa a 1998, amma ta 2000 ta fi zafi: a 2001 kusan babu ragon Sudan da ya shiga Jidda, Somaliya kuwa sai 2009 aka buɗe mata. Mai fitarwa yana riƙe da raguna yana ciyar da su ba mai saye, cek ɗinsa ya dawo, kuma a dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991, sashe na 179, cek da ya dawo laifi ne mai kai mutum kurkuku. Wanda ke can Nuhud yana jiran cikon kuɗinsa bai taɓa jin sunan Jizan ba, amma Jizan ta ci shi. Wani zai ce ai mu shanu muke yi, wannan maganar raguna ce. Attajirin da ke riƙe da kuɗin shanunka shi ne dai ya zuba jarinsa a raguna.

Shi wannan zazzaɓi sauro ke yaɗa shi, kuma yakan tashi ne bayan damina mai ruwa da yawa. Tumaki da shanu su yi ta ɓari, 'yan raguna su mutu, mahauci ya ɗauka daga jinin yanka. Babban sa kuwa yana iya ɗauke da shi kwanaki ba ka ga komai ba. Ya tashi a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira a ƙarshen 2007 ya kashe mutum sama da 200, aka sake rufe ƙofa ana saura makonni Babbar Salla. Ya sake tashi a 2019, aka sake rufewa a watan Oktoba. Bayan an buɗe, a 2020, sai Saudiyya ta riƙa maido da jiragen ruwa cike da raguna saboda an gwada jini a Jidda an tarar wasu allurar rigakafin ba ta kama su ba. A watan Agusta na shekarar an maido da kimanin 58,000, wajen 3,000 suka mutu da yunwa da ƙishirwa. Dubi wannan da kyau. Falke ya sayi rago lafiyayye, ya biya kuɗin allura, an maƙala lamba a kunne, takardarsa ta cika. Amma ko maganin ya kwana a sanyi ko ya kwana a rana, ko an sa wa kowace dabba ko an tsallake wasu, ko wani abokin lodi ya cusa nasa da ba a yi wa ba, duk wannan ba a gabansa aka yi ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, jirgi guda kuma dukiyar mutum da yawa ce.

Tsofaffinmu ba su manta da bushiya ba. Bayan gangamin allura da aka fara a yankin tafkin Cadi a 1962, mutane sun ɗauka ta tafi, aka saki jiki. A 1983 ta shigo Borno ta wajen Dikwa, ta biyo hanyar fatauci daga Sudan ta Cadi, ta yi wa garkunan Arewa ɓarnar da har yau ake labari. Alhamdu lillahi, a 2011 an tabbatar bushiya ta ƙare a duniya. Ciwon huhu kuwa yana nan, kuma shi ne ya fi dacewa da darasinmu. Yana iya kwanciya a jikin saniya makonni, wani lokaci watanni, kafin ta fara tari. Daɗin daɗawa, in wani a tsakiyar hanya ya ga ta fara ya danna mata allurar Terramycin, sai ta miƙe ta ci ta sha ta yi kyan gani, alhali cutar tana ƙunshe a huhunta tana jiran wahalar tafiya. Kai ka saya, ka haɗa da garkenka a mota guda, numfashi na haɗuwa kwana biyu.

Yanzu sai mu zo ga waɗanda ba su taɓa riƙe igiyar saniya ba, amma ba su ba ciniki. Duk wanda ya yi lodi a Khartum kafin 2023 ya san Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Mu da muka sha zama a kan benci wajen mai shayi muna jiran a gama mana gyaran mota ba ma bukatar a kwatanta mana: garejoji jere, masu walda, masu injin sassaƙa ƙarfe, masu ƙera bodin manyan motoci, shagunan taya da kayan gyara. A cikin masu sana'ar akwai 'yan uwanmu, jikokin mahajjatan ƙafa da mutanen da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba wanda ke sa unguwar nan a lissafin cinikin shanu. Amma a duba. Garken da khabir ya taso da shi daga Nyala da rani yana shan ruwa ne a rijiyoyin burtsatse na kan hanya, waɗanda suke kira donki. Kowane donki injin dizal ne da famfo. In wani ƙarfe ya karye a ciki, daga irin waɗannan shaguna za a nemo shi, ko a kai wa mai sassaƙa ya fitar da sabo. In bai samu ba, donki ya tsaya, khabir ya tarar da kwalbati a bushe, sai ya zarce zuwa na gaba da shanu masu ƙishirwa. Abin da ya faɗi a hanya ya faɗi, abin da ya iso ya iso da ƙashi. Ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannu ba ya yanke maka ribar shekara.

Mai turke kuma da me yake ciyarwa? Da umbaz, wato tunkuzar gyaɗa da ta riɗi da angurya bayan an matse mai, daga matatsun mai na Umdurman da Bahri. Da dusar alkama daga injinan fulawa na Bahri. Da ruwan rake na kamfanonin sukari irin su Kenana. Alkamar kuwa yawancinta daga waje ake sayo ta, ta sauka a Bur Sudan. Ashe ƙibar san da ka taya tana rataye da jirgin alkama. Ita ma tunkuzar tana da nata: in gyaɗar ta jiƙe a ajiya ta yi hunhuna tun a Kordofan, gubar tana bin tunkuza, ta taɓa hantar dabba ta hana ta ƙiba, kuma mai turke bai ga gyaɗar ba, buhu kawai ya saya. Allurar rigakafi kuwa, kafin yaƙin 2023, babban ɗakin binciken dabbobi da ke Soba, kudu da Khartum, shi ke haɗa mafi yawanta. Man dizal daga matatar Jaili a arewa da Bahri. Killace dabbobin fitarwa a Kadaru, sa'an nan Sawakin.

Ka lura duk waɗannan, ban da kaɗan, a birni guda suke? Mu ma ba mu lura ba sai da yaƙi ya nuna mana. Cikin makonni kaɗan na 2023 aka wawashe masana'antun Bahri, wasu aka ƙone, shagunan Mantiƙa suka zama kango, aikin Soba ya tsaya, matatar Jaili ta faɗa hannun rundunar RSF, ba ta dawo hannun soja ba sai a Janairu 2025, ita ma bayan gobara. Falken da ke Gadarif ko Kasala, wanda a lokacin bai ji ƙarar bindiga ba, ya wayi gari dusa ta yi tsada, allura ta yi wuya, taya sai an nemo daga nesa. A Fabrairu 2024 layukan waya suka ɗauke, masu biyan kuɗi ta Bankak suka tsaya cik. A Oktoba 2024 RSF ta hana fitar da kaya, har da dabbobi, daga yankunan da take riƙe da su zuwa Masar. A Disamba na shekarar aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, RSF kuma ta ƙi sababbin a nata ɓangaren. Wato wakilinka da mai sayenka sun koma cin kasuwa da kuɗi iri biyu. Soja sun karɓe Khartum a Maris 2025, amma Nyala ta faɗa hannun RSF tun Oktoba 2023, Nuhud kuma a Mayu 2025. Bakin burtali a hannu ɗaya, wutsiyarsa a wani.

A nan akwai wani kuskure da muke yawan yi. Mutum ya ce ni ba na dogara da dillali ɗaya, uku gare ni, na raba ƙafa. Madalla. Amma ka taɓa tambayar su ukun daga ina suke samu? Sau da yawa za ka tarar duk wakili ɗaya ke cika su, ko duk burtali ɗaya shanunsu ke bi, suna shan donki ɗaya. Masu sayar maka da dusa su huɗu, injin fulawa ɗaya. Direbobinka biyar, shagon kayan gyara ɗaya. Ƙafa ɗaya ce ka sa wa takalma uku. Raba ƙafa na gaskiya shi ne a ce in Darfur ta rufe kana da wanda ka sani a Damazin ko Gadarif, kuma kun taɓa ciniki tun ana lafiya, ko da ribar ba ta kai ba. Ranar wuya ba a fara sabon aboki.

Abin da muke roƙon 'yan ƙungiya ba mai tsada ba ne. Ka ƙara tambaya ɗaya a kan wadda ka saba. In ka ce wa dillali, "Alhaji, na wa ne?" ya faɗa maka, to ka ƙara da, "Shi kuma a ina ya samo, yaushe, wa ya tsaya masa?" Mun san wasu na jin nauyin wannan, wai kamar ka tuhumi mutum ne, ko kana so ka zagaye shi ka hana shi la'adarsa. Sai ka gaya masa tun farko la'adarsa na nan ba abin da zai taɓa ta. Dillalin da ya san kayansa zai amsa yana dariya. Wanda ya hau faɗa a kan tambaya, ko ya ce kai dai ka saya kawai, ya riga ya ba ka amsa. Haka in ka ga bijimi ana sallama shi ƙasa da kuɗin kasuwa ƙwarai, mai shi yana waige-waige yana son kuɗi hannu, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai lamuni kuma a duba wanda yake da abin da za a kama, gida ko garke a garin, domin lamunin wanda ba shi da komai fatar baki ce.

Sabon saye kada a haɗa shi da tsohon garke ranar da ya sauka. A ware shi makonni, a sa ido a kan tari da ɓari, a kira malamin dabbobi na gaskiya. Bashi kuma kada jarinka duka ya kwanta a hannun attajiri ɗaya komai girman rawaninsa, kuma ka san shi wa yake jira ya biya shi. Batun lodi ma haka. Ran 12 ga Yuni 2022 jirgin Badr 1 ya nutse a bakin tashar Sawakin da raguna kimanin 15,800 alhali an ce na 9,000 ne, wajen 700 kawai aka ceto. Masu dukiyar suna kan tudu, wani ne ya yi musu lodin. In ba za ka iya tsayawa a kan lodinka ba, ka tura ɗanka ko yaronka ya ƙirga da idonsa, ko tirela ce daga Potiskum zuwa Legas.

Daga ƙarshe, littafi. Kowane kai da ka saya a rubuta ranar, da kasuwar, da launinsa da shaidar da ke jikinsa, da sunan mai sayarwa, da sunan wanda ya sayar wa mai sayarwa in an samu, da mai lamuni, da abin da aka biya da abin da ya saura. Mai waya ya ɗauki hoton dabbar ta ɓangaren shaida tare da mai sayarwa a tsaye kusa da ita. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, alƙali zai karanta. Takardar allura da ta haraji a ajiye su aƙalla shekara guda bayan an sayar, domin mai cigiya ba ya zuwa da wuri.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi hanyar Wadi Halfa zuwa Abu Simbel mu ga yadda ake killace shanu a ɓangaren Masar.